Gidaje za a fara ginawa, ko hanya da ruwa za a fara kaiwa?

Wani malamin makaranta ne daga Kano ya aiko da tambayar. Ya ce shekara shida ke nan da ya sayi fuloti a bayan gari, ya lallaɓa ya yi ɗaki biyu da falo, amma har yau bai tare ba. Da damina mota ba ta shiga unguwar, ruwan sha kuwa sai na 'yan garuwa. Kullum yana jin gwamnatoci na shelar za su gina dubban gidaje, alhali shi gida yana da shi, hanya da famfo ya rasa. Shi ne yake son sanin wanne ya kamata gwamnati ta fara zuba wa kuɗi a ƙa'idar aiki, kuma me ya sa ruwa ya fi hanya wuyar isowa.

Malam, Allah ya nufe ka da tarewa cikin gidanka lafiya. Na shafe fiye da shekara ashirin ina aikin shimfiɗa bututu da hanyoyi, kuma amsata ba ta da kwana-kwana: hanya da ruwa ne a gaba, kuma kamata ya yi su riga mutane isa wurin. Gina gida kuwa, in ban da na masu buƙata ta musamman, a bar wa jama'a abinsu, sun fi gwamnati iyawa.

Ka hau mota daga Kabuga ka miƙe hanyar Gwarzo, ko daga Kurna ka nufi Dawanau, ko daga Hotoro zuwa Mariri, ka riƙa duban dama da hagu. Cikin duk gidajen da idonka zai gani, nawa ne gwamnati ta gina? Akwai Kundila, akwai Danladi Nasidi, akwai Shagari Kwatas da 'yan uwansu, amma idan ka gwada su da Dorayi da Rijiyar Zaki da Sheka da Rimin Kebe da Bachirawa, ba su taka kara sun karya ba. Mutane ne suka gina Kano, irin ginin da kai ma ka yi: wannan watan bulo ɗari biyu, wata mai zuwa buhun siminti biyar, in an kwashi adashi a sa kwano, in kuɗin sallama ya fito a yi filasta. Magidanci zai iya wannan shi kaɗai ko da zai ɗauke shi shekara goma. Abin da ba zai taɓa iyawa shi kaɗai ba shi ne titin da zai ratsa gaban gidaje ɗari biyar, da bututun da zai taso daga bakin kogi. Nan ne aikin hukuma yake, kuma nan ne kowace naira ta gwamnati ta fi yin auki. Kuɗin da zai gina wa mutum ɗaya gida har a miƙa masa makulli, idan aka zuba shi a magudana da burji da bututu, fuloti da yawa zai raya, masu su kuma su gina da aljihunsu.

Matsalar unguwa irin taku tun ranar da aka yanka gonar ta fara. Ka san yadda awon igiya yake. Mai gona ya rasu, magada suna son a raba, dillali ya zo da igiya da turaku. Duk taku ɗaya da aka bar wa hanya, a wurinsu kuɗi ne aka zubar, saboda haka sai a bar ɗan lungun da Adaidaita Sahu za ta wuce da kyar. Gonar da ke maƙwabtaka wani dillalin ne zai yanka ta bayan shekara biyu, da nasa lungun da bai haɗu da na farko ba. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba na maƙabarta, ba inda za a kafa tankin ruwa. Kwarin da ruwan sama ya saba bi tun kaka da kakanni, shi ma an yanka shi an sayar da araha, wanda ya saya ya cike shi da ƙasa, ruwan Agusta kuma ya nemi hanya ta cikin ɗakunan mutane. Ba na zargin mai saye. Fulotin awon gwamnati ya yi ƙaranci, samunsa kuma sai mai hanya, shi kuwa mai iyali ba zai zauna yana jira mai gidan haya na ƙara masa kuɗi duk shekara ba.

Akwai aikin da ba na mantawa da shi. An tura mu wata unguwa a gefen birni mu shigar da bututu mai faɗin inci shida. A takarda layi ne miƙaƙƙe. Da muka isa, sai muka tarar motar haƙa ba za ta shiga lungun ba, sai da leburori da diga da shebur. Mun yi 'yar tafiya kaɗan sai ga soron wani dattijo ya shigo tsakiyar hanya, dama da hagu kuma ramukan masai ne a jikin katanga, wasu ma sun fito waje an rufe su da silaf. Ba yadda za a yi ka kwantar da bututun ruwan sha a jikin ramin masai, domin duk ranar da aka ɗauke ruwa bututun ya zama fanko, ƙazantar da ke kewaye da shi za ta tsotsu ta duk inda ya tsage. Dattijon ya fito da carbinsa a hannu ya tsaya a kanmu, ya ce in dai ruwa zai zo, a rushe soron, ya yafe. Na ji nauyin maganar nan ƙwarai. Amma ko an rushe nasa akwai goma a gaba. Dole muka karkata ta wani layin, aikin ya ninka kuɗi, gidajen lungun nan kuma, har da na dattijon, ba su samu ba.

Shi ya sa nake cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Aiki mafi araha da gwamnati za ta yi wa gari mai bunƙasa shi ne ta riga dillalai zuwa gona. Tun ana noma gero a wurin, a auna manyan hanyoyi, a kafa musu shaida, a biya manomi diyyar abin da aka ɗauka, a sa gireda ta buɗe su a zuba burji. Ko ba a sa kwalta ba sai bayan shekara goma, faɗin hanyar yana nan, gefen da bututu da turakun lantarki za su bi yana nan. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon karɓar fili saboda amfanin jama'a tare da biyan diyyar abin da ke kansa. Diyyar dawa da bishiyar mangwaro daban, diyyar gidan bulo mai iyali goma a ciki daban. Idan aka bari sai gari ya cika, kuɗin rusau da diyya kan yi gogayya da kuɗin aikin kansa, ga ɓacin ran mutanen da aka tasa.

Ita hanyar ma tana da tsarinta, kuma mutane sun fi ɗokin abin da ya kamata ya zo a ƙarshe. Babban maƙiyin kwalta ruwa ne. Idan ya kwanta a gefenta ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, tirela ɗaya mai lodin yashi ta isa ta fara farfasa ta. Don haka magudana da kwalbati ake fara yi, kuma sai an san inda ruwan zai je ya zube, ba a kwashe shi daga wannan unguwa a juye wa ta ƙasa da ita ba. Bayan magudana sai bututun ruwa, tare da 'yan hanyoyin da ake bari a ƙarƙashin titi domin gidajen tsallake su ja nasu. Sannan burji, a danne shi da kyau, sai dutse, sai kwalta. Duk inda ka ga an fasa sabon titi an tsallaka da bututu, ma'aikatar ayyuka da hukumar ruwa ne ba su zauna tare ba kafin a ba da kwangila, kuma daga wannan yankan ramin farko zai fara.

To, sai ruwa, wanda shi ne rabin tambayarka mafi nauyi.

Kano ba sabuwar shiga ba ce a harkar famfo. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara jawo ruwa daga kogin Challawa zuwa birni. A zamanin Audu Bako aka gina madatsar Tiga, aka gama ta a 1974, tana iya riƙe ruwan da ya kusa lita tiriliyan biyu. Madatsar Challawa da ke ƙasar Karaye ta biyo baya a 1992, ga kuma ta Watari a Bagwai. A zamanin Malam Ibrahim Shekarau aka yi sabuwar matatar Tamburawa da aka tsara ta tace lita miliyan 150 a rana, da ta Watari mai lita miliyan 75. Wato ɗanyen ruwa akwai shi, duk da cewa manoman rani na Kadawa da mutanen fadamar Hadeja da Nguru su ma suna da haƙƙi a cikinsa. Abin da ke hana shi isowa gidanka doguwar sarƙa ce. Sai an ɗebo shi daga kogi da injina, an zuba masa alif ya kwanta, an tace, an sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, an tura shi da wasu injinan zuwa tankuna a kan tudu irin na Goron Dutse, sannan ya gangaro ta manyan bututu zuwa ƙanana har ya iso bakin famfonka. Ko'ina sarƙar ta tsinke, kai dai abin da za ka gani shi ne famfo ba ya zuwa.

Bambancinsa da hanya ke nan. Titi in an yi shi da kyau zai yi shekaru yana aiki da ɗan gyara. Gidan ruwa kuwa kullum sai ya ci: lantarki ko gas na injina, alif, magani, albashin ma'aikata, gyaran bututun da ya fashe. Ranar da kuɗin gas ya yanke, matatar da aka kashe wa biliyoyi tsayawa take yi. Adadin da aka rubuta wa matata kuma ba shi ne abin da take fitarwa ba idan rabin injinanta sun lalace ko yashi ya toshe inda ake ɗibar ruwan. Abin da ta fitar ɗin ma, wani ya zube ta tsofaffin bututun da aka binne tun kafin a haife mu, wani an ja shi ba bisa ƙa'ida ba, wanda ya isa gidaje kuma ba duka ake biyan kuɗinsa ba. Mutane ba sa biya saboda ruwa ba ya zuwa, hukuma ba ta iya kawowa saboda ba a biya. Sannan akwai abin da ke damuna a matsayina na ma'aikaci: gadar sama kowa na ganinta, bututu kuwa a ƙasa ake binne shi, shi ya sa wajen rabon kasafi ruwa yakan zo a baya. Unguwannin bayan gari su ne a ƙarshen layi, ko akwai bututu, kafin ruwan ya iso ƙarfinsa ya ƙare.

Za ka ce to ai ga burtsatse. Bari mu yi lissafi tare. Ɗauki unguwa mai gida 1,000, kowane gida mutum takwas, kowa lita 60 a rana, wanda yake cikin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ganin ya wadatar, wato lita 50 zuwa 100. Lita 480,000 ke nan kowace rana. Mafi yawan ƙasar birnin Kano a kan dutse take zaune, ruwan da ke ƙarƙashinta a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogi yake maƙale, ba shimfiɗaɗɗen yashi mai ruwa ba ne irin na wajen Hadeja. Burtsatsen da ya ba ka lita ɗaya a sakan a irin wannan ƙasa ka gode wa Allah. In ya yi awa goma yana aiki, lita 36,000 ya bayar. Kana buƙatar irinsa goma sha uku ko sha huɗu, duk masu kyau, don unguwa ɗaya. Kuma duka daga tukunya ɗaya suke sha. Shi ya sa maƙwabcinka mai hali in ya haƙa nasa ya zurfafa, rijiyarka take ƙafewa a watan Afrilu.

Akwai kuma abin da ya fi ƙafewa haɗari. Shawarar da ma'aikatan lafiya suka saba bayarwa ita ce a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Fulotin ƙafa hamsin da hamsin faɗinsa bai wuce mita 15 da ɗan ɗoriya ba. Ko ka kai rijiyarka wannan kusurwa masai waccan, na maƙwabcinka yana bayan katanga. Taifot da amai da gudawa da ke yawo a irin waɗannan unguwanni da damina, nan ne tushen da yawa daga cikinsu. Burtsatse yana da amfani a ƙauye da kuma matsayin agaji kafin bututu ya iso, amma birni mai miliyoyin mutane ba zai dogara da shi har abada ba.

Kuɗin ruwan famfo da ake cewa talaka ba zai iya biya ba kuwa, yana biyan ninkinsa tun tuni. Jarka lita 25 ce. Jarka 40 ita ce lita 1,000, ma'aunin da ake yi wa mai mitar ruwan famfo lissafi da shi. Ka ninka kuɗin jarka ɗaya a unguwarku sau 40, ka je ka tambayi wanda ke biyan kuɗin famfo nawa ake karɓa a wurinsa. Kuma ba mai garuwa ne ke cin ribar ba. Ka dube shi da hantsi yana tura kura mai jarka goma sha biyu cikin yashi, jijiyoyin wuyansa a miƙe, silifas ɗinsa na nutsewa. Rashin hanya ma yana cikin kuɗin jarkar nan, domin inda kura ke wahalar shiga farashi ya fi tsada.

Game da gidajen da gwamnati ke ginawa, mun ga misalai da idonmu. Gidajen Shagari na tsakanin 1979 da 1983, a wurare da dama an kai su nesa da gari inda babu ruwa babu abin hawa, wasu suka daɗe ba kowa har gari ya tarar da su. A Kano, tsakanin 2011 da 2015, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta gina rukunin Kwankwasiyya da Amana a hanyar Zariya da Bandirawo a hanyar Katsina. A nan an yi abin da nake kira a yi ta fuskar tsari, akwai tituna masu faɗi da magudanai. Duk da haka gidaje da yawa sun shekara da shekaru a rufe, har a 2025 gwamnatin jihar ta ba masu su wa'adin su tare ko su zuba 'yan haya. A ganina dalilin a fili yake: gamammen gida irin wannan ya fi ƙarfin malamin makaranta, wanda ya iya saye kuma yana da inda yake kwana. Da fuloti aka yanka masu matsakaicin girma a kan waɗannan titunan aka sayar wa irinku, kowa ya gina daidai ƙarfinsa, ina kyautata zaton da sun cika tuni. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1972 Bankin Duniya ya ba ƙasar Senegal rancen yanka filaye a gefen Dakar, a kai musu hanya da ruwa mutane su gina da kansu. Ginin ya yi jinkiri da farko, amma yau unguwar, Parcelles Assainies, tana cikin mafiya cika a birnin. Abuja ma ta nuna fuska biyun: Garki da Wuse da Maitama an shimfiɗa musu titi da bututu kafin gini, su kuwa Nyanya da Mararaba mutane ne suka riga aiki isa, kuma duk mai bin hanyar da asuba ya san abin da hakan ya haifar.

Wani ɓangaren da ba a cika kulawa da shi ba shi ne garuruwan kewaye. Ba dole ne kowa ya cusu cikin ƙananan hukumomi takwas na birni ba. Wudil tana da jami'a da kogi da babbar kasuwar shanu, Bichi tana da kwalejin ilimi ta tarayya, ga Kura da Gezawa da Dawakin Kudu duk a kusa. In hanya ta yi kyau, da motar haya mai tsayayyen lokaci, da ruwan famfo a garin, ma'aikaci zai zauna can inda fili ke da sauƙi ya riƙa shigowa aiki. Titi kaɗai ba ya yin wannan. In aka yi titi babu ruwa babu makaranta mai kyau, shi ne ma zai sauƙaƙa wa mutanen garin ƙaura zuwa birni.

Kuɗin fa, daga ina? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kason jihohi daga asusun tarayya ya ƙaru, amma siminti da rodi da gas su ma sun tashi, don haka kasafi kaɗai ba zai ɗauka ba. Amsar tana cikin filin kansa. Kai shaida ne cewa ranar da aka ji ƙarar gireda a unguwa, fuloti yake tashi. Wannan ƙarin daraja da kuɗin jama'a aka samar da shi, amma yawanci wanda ya ji labarin aikin tun da wuri ya saye gonakin shi ke kwashe shi. Abin da ya dace, hukuma ta zauna da masu gonaki kafin aiki: a haɗe gonakin, a fitar da hanyoyi da filin makaranta da na tanki, a mayar wa kowa fulotan da ba su kai girman gonarsa ba amma sun fi ta daraja nesa ba kusa ba, a sayar da wani kaso a biya kuɗin magudana da bututu. Sannan duk wanda aka ba fuloti a sa masa wa'adin gini, kada ya kewaye shi da katanga ya tafi yana jiran farashi. Wannan yana buƙatar amana, domin manoman gefen Kano sun sha ganin an karɓi gona an ba su abin da bai kai ya kawo ba, kuma ba za su yarda da baki kawai ba sai sun ga takarda.

Ku kuma da kuka riga kuka gina, akwai abin da ke hannunku tun kafin gwamnati ta waiwaye ku. Ku haɗu da mai unguwa ku auna faɗin babban layinku yau, ku rubuta, kowa ya sa hannu cewa ba mai fito da soro ko shago ko ramin masai cikinsa. Ku bi ruwan sama da ƙafa ranar da aka yi mamako ku ga inda yake bi da inda yake kwanciya, in akwai fulotin da ba a gina ba a kan hanyarsa ku yi karo-karo ku saye shi ku bar shi a buɗe. Kuɗin gayya na farko ku sa shi a kwalbati a mashigar unguwa, kafin burji. Ku yi wa ƙungiyarku rajista, ku kai zanen layukan ga hukumar tsara birane ta KNUPDA da hukumar ruwa, da adadin gidaje da na mutane, domin injiniyan da zai zana bututu da wannan adadin yake fara aiki, kuma unguwar da ke da shi a rubuce ta fi saurin shiga kasafi. In za ku haƙa burtsatse kafin nan, ku yi guda na haɗin gwiwa a gefen tudu, nesa da masai, da tanki a sama da injin mai aiki da hasken rana, ku ɗauki wanda zai riƙa karɓar kuɗin gyara a kowace jarka. Ku kai ruwan ɗakin gwaji sau biyu a shekara, ɗaya a tsakiyar rani, ɗaya a watan Agusta lokacin da ƙasa ta ƙoshi.